Tambaya da Amsa: Baturen da Ya Naɗa Sarki a Katsina

TAMBAYA

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Kankia, asalina kuma mutumin ƙasar Kusada ne. Kwanan baya ina shirya darasi a kan mulkin mallaka sai na ci karo da labarin wani mutum mai suna Ambrosio O'Higgins, wanda ya yi gwamnan Chile, daga baya Sarkin Sifaniya ya ɗaga shi ya zama abin da littafin ya kira viceroy a ƙasar Peru. Da na kawo zancen a aji, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mene ne sunan wannan muƙami da Hausa? Mu kuma a nan wa ya yi mana irin wannan mulki?" Na ce mata Lugga, don shi ne ke cikin manhaja, amma har na koma gida raina bai kwanta da amsar ba. Don Allah a warware mini, in samu abin da zan koma in faɗa wa yaran. Allah ya ƙara basira.

Daga wani malamin makaranta, Kankia

AMSA

Ka gaishe mini da wannan ɗaliba taka, don ta yi tambayar da manya da yawa ba su taɓa yi ba. Amsar da ka ba ta ba ƙarya ba ce, sai dai ka nuna mata wanda ke saman tsani, alhali wanda ƙafarsa ta taka ƙasar Katsina yana can ƙasa-ƙasa. Zan zo kansa. Bari mu fara sallamar Sifaniyawa tukuna.

Su da bakinsu virrey suke cewa, wato wanda ya tsaya a madadin sarki. In kana neman Hausarsa, ka ce na'ibin sarki, ko wakilin sarki mai wuƙa da nama. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ummarun Dallaje da ya karɓo tuta a hannun Shehu, a ƙa'ida na'ibi ne, yana riƙon Katsina da sunan Sarkin Musulmi. Abin da ya sa Sarkin Sifaniya ya kafa muƙamin a Amurka shi ne nisa. Takarda takan yi watanni a teku kafin ta kai Meziko, ta fi haka kafin ta kai Lima, amsarta kuma sai wata shekara. Dole a ajiye wani mutum a can wanda idan ya yi magana kamar sarki ne ya yi. Na farko a Meziko shi ne Antonio de Mendoza, da aka tura can a 1535. Daga baya aka kafa irin wannan kujera a Peru, sannan a Sabuwar Giranada a ƙarni na 18, ta ƙarshe kuma a Rio de la Plata a 1776.

Nisan nan ya haifar da wata al'ada da nake so ka ba yaranka labarinta, don za ta ba su dariya kuma ta koya musu abu. Idan umarnin sarki ya iso, jami'in zai miƙe tsaye, ya sumbaci takardar, ya ɗora ta a kansa don girmamawa, sa'an nan in bai ga dama ba ya ce ya yi biyayya amma ba zai zartar ba, sai ya rubuta wa sarki dalilinsa. Wanda bai iya wannan rawar ba ya sha wuya. Na'ibin farko na Peru, Blasco Núñez Vela, ya zo da dokokin 1542 masu rage wa Turawan da suka ci ƙasar ikon bautar da 'yan asalin wurin, ya ce sai an bi su harafi da harafi. 'Yan uwansa Sifaniyawa suka yi masa tawaye, suka kashe shi a 1546. Mendoza a Meziko ya ɗora takardar a ka, ya jingine abin da ke ciki, ya yi shekara 15 a kan kujerarsa.

Shi O'Higgins ɗin naka ma ba Basifaniye ba ne. Mutumin Ayalan ne, an haife shi wajen 1720, ya fara da fatauci a birnin Kadis, ya ƙetara Kudancin Amurka, ya shiga aikin sarki yana ƙaramin mai zanen gine-gine. Shi ya gina ɗakunan fakewa a kan duwatsun Andis don masinjoji su riƙa ƙetarewa ko da lokacin ƙanƙara. Ya yi yaƙi da ƙabilar Mapuche, ya kuma zauna sulhu da su. Sai da ya doshi saba'in ya zama gwamnan Chile a 1788, ya hau kujerar Lima a 1796. Ƙarshensa bai yi daɗi ba: labari ya kai fada cewa ɗansa Bernardo, wanda ya haifa ba ta hanyar aure ba, yana cuɗanya da masu shirya tawaye a Landan. Aka sauke tsohon, ya mutu a Lima a 1801 kafin magajinsa ya iso. Ɗan nan kuwa shi ya zama shugaban Chile lokacin da ta ayyana 'yancin kanta a 1818.

Wani ɗan tsokaci a gefe, tunda malamin tarihi nake wa magana: Afirka ta Yamma ta taɓa ganin gwamna haifaffen Sifaniya. Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta karya Songhai a Tondibi a 1591, a Sifaniya aka haife shi, aka kamo shi yana yaro. Amma wannan zancen wata rana ne.

To, mu dawo gida. Ingila ba ta taɓa ba wani ma'aikacinta a Nijeriya laƙabin na'ibin sarki ba. Indiya ta tanadar wa shi, daga 1858 har 1947. Lugga Babban Kwamishinan Arewa ne daga 1900 zuwa 1906, ya dawo a 1912, ya zama Gwamna Janar bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ya shigo Katsina a 1903 ta Ƙofar 'Yanɗaka, bayan an ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba a yi harbi ba. Ya yi kwanakinsa ya wuce. In don ta Lugga ne kaɗai, manomin Kusada zai iya shekara bai ji wani canji a jikinsa ba. Mutumin da ya kamata ka rubuta wa yaranka sunansa a allo shi ne Herbert Richmond Palmer.

An haifi Palmer a Ingila a 1877. Ya yi karatu a Kambirij, ya zama lauya, a 1904 ya karɓi aikin mataimakin Razdan a Arewa, ba a jima ba aka turo shi Katsina. Ka lura da shekarunsa: bai kai talatin ba. A lokacin Katsina ba lardi ba ce, wani yanki ne a ƙarƙashin Razdan na Kano. Sai a 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya, a 1934 ta samu lardin kanta. Hedikwatar Gwamna kuwa tana can Zungeru. Saurayi ɗaya da 'yan sojoji kaɗan da tafinta, tsakaninsa da mai tsawata masa tafiyar kwanaki a kan doki. Nisan da ya mai da na'ibin Lima ƙaramin sarki, shi ne ya yi wa Palmer aiki a nan.

Ya tarar da gari a dagule. Turawa sun riga sun tuɓe Sarki Abubakar a 1904. Labarin da ya shahara shi ne an tsinci mushen kare a rijiyar da sojojinsu ke sha, aka ɗora laifin a kan fada. Suka naɗa Yero, shi ma Badallaje, daga gidan da ke riƙe da sarauta tun zamanin jihadi. Yero da Palmer ba su jitu ba. Palmer yana son a ƙirga mutane, a tsara haraji, a raba ƙasa gunduma-gunduma. Yana ganin sarki da bayin fada suna ja masa ƙafa. Ana cikin haka sai ga Satiru a watan Fabrairun 1906, inda talakawa da gatura da fartanya suka kashe jami'an Turawa kusa da Sakkwato, sai kuma yaƙin Haɗeja a watan Afrilu. Hankalin kowane Bature a Arewa ya tashi, kowane sarki da bai saki fuska ba ya zama abin zargi. Kafin shekarar ta ƙare an sauke Yero, an fitar da shi daga ƙasar.

Nan ne Palmer ya yi abin da har gobe ake ganin sawunsa. Maimakon ya koma gidan Dallazawa ya ɗauko wani, sai ya tsaya kai da fata a kan Durɓin Katsina Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Durɓi yana cikin masu zaɓen sarki, ba ya cikin masu gadon sarauta. Amma tun zuwan Turawa shi aka ɗora wa hidimarsu, shi ke samo musu hatsi da ma'aikata da kayan gina bariki, kuma ya nuna shi mutum ne mai gane inda iska ta dosa. Aka ba shi riƙo a ƙarshen 1906, aka tabbatar masa a farkon 1907. Ya yi sarauta har 1944. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Ka duba, Malam: shawarar da ɗan shekara 29 ya tsaya a kanta, yau fiye da shekara ɗari ke nan tana zaune a fadar Katsina.

Kada ka koya wa yara cewa Dikko ɗan amshin Shata ne kawai. Ya girmi Palmer da fiye da shekara goma, ya ga yaƙi da Maraɗawa tun kafin Bature ya san hanyar Katsina, kuma ya san abin da yake so. Wanda ya karanta yadda ya kafa 'ya'yansa da mutanensa a gundumomi, ya je Makka ta hanyar Ingila a 1921 ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya jawo makarantu da asibiti garinsa, zai ga cewa kowannensu ya hau ɗan uwansa ne ya kai inda za shi. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a kan talaka aka yi shi.

Ga yadda abin ya iso ƙofar gidanku. Kafin Turawa, yawancin masu sarauta a birni suke zaune kusa da sarki. Garuruwan da ke ƙarƙashin kowannensu a warwatse suke, wannan a gabas, wancan a kudu, jakadu ne ke kai da kawowa, su karɓo kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi da na shuke, kowa ya ɗan lasa a hanya. Tsarin da aka shigo da shi a zamanin Palmer ya tattara ƙauyuka maƙwabta ya mai da su gunduma ɗaya mai iyaka, aka ce hakimi ya bar birni ya je ya tare a cikinta, aka kori jakadu, aka jera dagatai da masu unguwa a ƙarƙashinsa. Hakimin da kake gani yau a Kankia, da Bebeji hakimin Kusada, da ofishinsu da malamansu, irin wannan zama na hakimi a tsakiyar talakawansa daga wancan gyaran ya samo asali. Kankia kuma da take kan hanyar Kano zuwa Katsina, duk Baturen da ya fito rangadi da 'yan dakonsa sai ta ga ƙurarsa, kuma wani ne zai kawo ciyawar dawaki da itace da ƙwai, ba da son ransa ba.

Sai Baitulmali. A Katsina aka fara shi, Palmer da Dikko, kafin a yaɗa shi sauran masarautu wajen 1911, shekarar da aka ba Palmer aikin kula da kuɗin shigar En'e na Arewa. A da abin da aka tara na sarki ne, ya ci, ya ciyar, ya yi kyauta. Yanzu sai aka raba: kaso na gwamnati, kaso na Baitulmali, a rubuta a littafi, a yi kasafi, sarki da hakimi da alƙali da dogari kowa ya koma ɗan albashi. In za a yi adalci, wannan dabara ta yi amfani, da kuɗinta aka yi makarantu da rijiyoyi da ɗakunan shan magani. Amma ka dubi ɗaya fuskar. Sarkin da ke jiran albashi a ƙarshen wata, kuma Razdan ne ke duba littafin, ya san wanda zai saɓa wa da wanda ba zai saɓa wa ba. Haraji kuma ya tashi daga wuri da damin hatsi ya koma sulallan Bature, wanda ba ya tsirowa a gona. Dole mutum ya shuka abin da kanti ke saye. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, auduga ma haka. Da damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, rumbuna da yawa ba su da abin da zai kai su ga kaka.

Na taɓa ganin wannan tarihi a cikin gwangwani. Ina yaro aka kai ni hutu wurin wani kawuna a wani ƙauye a ƙasar Kusada. Wata rana da hantsi ya ciro wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gadonsa na kara, yana neman takardar gona. Ciki cike yake da 'yan ƙananan takardu an ɗaure su da zare, wasu sun yi ja, gara ta ci gefen wasu. Na ce, "Kawu, waɗannan fa?" Ya ce, "Rasit ne na haraji, har da na babanmu." Na ce me zai yi da su, abin da ya wuce? Ya yi dariya ya ce ni yaro ne. Ya ce a zamaninsu in za ka kasuwar wani gari sai ka soke rasit ɗinka a cikin hula, don in ɗan doka ya tare ka babu shi, ranar ba za ka kwana a gida ba. Ya ce ya ga magidanci mai 'ya'ya an tsayar da shi a rana a ƙofar dagaci, ya ga wanda ya sayar da akuyar matarsa, ya ga wanda ya gudu ci-rani bai dawo ba sai da aka rufe littafi. Kawuna bai taɓa jin sunan Palmer ba. Ya dai san malamin haraji da alƙalaminsa a bayan kunne.

Daga Katsina tauraron Palmer ya yi ta hawa. Ya riƙe Kano na ɗan lokaci, a 1917 ya zama Razdan na Borno. A 1918 ya bi ta Wadai ya ƙetara har Sudan, ya ga Kwalejin Gordon a Khartum, yana cikin waɗanda suka matsa a yi irinta a Arewa. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 ke nan, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa. Tafiyar Sudan ɗin ta ƙara masa wani abu kuma, tsoron Mahadiyanci. Duk inda malami ya tara jama'a, shi tawaye yake hangowa. Da hannunsa a kama Shaihu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa a 1923, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. Daga 1925 zuwa 1930 shi ne Laftanan Gwamnan Arewa a Kaduna, kuma a nan ne ya fi kama da na'iban Sifaniya, don ya ƙware wajen ɗora takardar Legas a ka ya ajiye ta gefe. Burinsa sarakuna su ƙara ƙarfi, Arewa ta yi nesa da Kudu da lauyoyinta da jaridunta. Sai da Gwamna Cameron ya zo a 1931 ya fara ja wa wannan ra'ayi linzami.

Ya yi gwamnan Gambiya daga 1930 zuwa 1933. Daga nan aka tura shi tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, inda a 1931 Girkawan wurin suka yi bore suka ƙone gidan gwamna. Ya zauna har 1939. Babu majalisa, babu zaɓe, an taƙaita taro, an sa wa jaridu da makarantu ido, masu unguwanni gwamna ke naɗa su. Mutanen tsibirin har yau suna kiran waɗannan shekaru Palmerokratia, wato mulkin Palmer, kuma ba da yabo suke faɗa ba. Abin da ya koya a kanmu ya je ya gwada a kan wasu, su kuwa suka laƙaba wa zamanin sunansa. Mu nan ko a manhaja da ƙyar ka gan shi. Ya mutu a Ingila a 1958, saura shekara biyu a sauke tutar ƙasarsa a Legas.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya shafe ka kai tsaye, Malam, don kusan kullum kana koyar da shi ko ba ka sani ba. Palmer mutum ne mai son tsofaffin takardu. A 1907 ya sa aka tona wasu daga cikin kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. A 1908 ya buga fassarar Tarihin Kano da Turanci. A 1928 ya fitar da Sudanese Memoirs juzu'i uku, a 1936 kuma The Bornu Sahara and Sudan. Malamai ne suka tattaro masa yawancin rubuce-rubucen, suka karanta masa, sunansa ne a bango. Ba don wannan ƙwazo ba da wasu takardun sun salwanta, wannan gaskiya ne. Matsalar tana wurin fassarar da ya yi wa abin da ya tara. A ganinsa duk wani abin kirki a ƙasar nan, sarauta ce ko birni ko rubutu, wasu fararen baƙi ne suka kawo shi daga gabas ko arewa suka ɗora a kan baƙaƙen da suka tarar. In ya ga suna biyu sun yi kama a kunne, ko da tsakaninsu tafiyar shekara ce, sai ya ƙulla musu zumunta. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Ka san amfanin irin wannan tarihi ga mai mulki. In dai kullum baƙo ne ke zuwa ya ci ƙasa ya gyara ta, to Bature ɗaya ne a jerin baƙin, ba shi da laifi. Lugga ma abin da ya faɗa ke nan a Sakkwato a 1903, cewa Fulani da yaƙi suka samu, yanzu da yaƙi suka rasa, komai ya koma hannun Ingila. Sifaniyawa sun riga su wannan wayo. Francisco de Toledo, na'ibin Peru daga 1569 zuwa 1581, ya yi shekara biyar yana rangadi, ya tattara ƙauyuka ya mai da su manyan garuruwa don sauƙin ƙirga da haraji, ya sa aikin tilas a ma'adinan azurfa na Potosi, ya sare kan sarkin Inka na ƙarshe, Tupac Amaru, a 1572. A wannan shekarar kuma wani marubuci, Sarmiento de Gamboa, ya kammala masa littafin tarihi da ya sa a rubuta, mai nuna cewa su Inka ɗin ma 'yan ƙwace ne azzalumai. In kana neman wanda za ka jera da Palmer a allo, Toledo ya fi O'Higgins dacewa, ko da yake jinin da ke hannun Toledo ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Wuri ɗaya ne nake ganin Sifaniyawa sun fi. Suna da wata shari'a da suke kira residencia. Idan wa'adin gwamna ko na'ibi ya ƙare, ba ya tafiya. Sai a turo alƙali, a yi shela a garuruwa cewa duk mai ƙara ya kawo, har 'yan asalin ƙasar, shi kuma ya zauna a wurin har a gama. Ana iya cin sa tara, ana iya hana shi sake riƙe muƙami. Ba na ce kullum gaskiya ke fita ba, masu uwa a gindin murhu sukan sha da sauƙi, amma dai akwai ranar wanka. Abin dariya, wannan kalma da kalmar da muka mayar Razdan tushensu ɗaya, daga zama. A can, zama ne na a tuhume ka. A nan, zama ne kusa da sarki kana ba shi "shawara" wadda ba ya da ikon ƙi. Babu ranar da aka yi shela a kasuwar Kankia cewa mai ƙara a kan Razdan ya fito. Rahoton shekara shi ke rubuta abinsa, a kan kansa, ya aika wa na gaba da shi.

Binciken da ba a yi masa ba yana raye, an yi wa littattafansa bayan ya mutu, kuma daga maƙwabtanku mai binciken ya fito. Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, jikan Sarki Dikko ne. A littafinsa The Transformation of Katsina, da ya fito a 1981, ya bi garuruwa da ƙauyuka ya saurari tsofaffi, ya karanta takardun Larabci, ya nuna cewa labarin Katsina ba ya fahimtuwa in an mai da shi kokawar ƙabilu, Haɓe da Fulani, baƙi da 'yan gida, yadda Palmer da ire-irensa suka tsara. Noma da fatauci da ƙaura da malanta da rigimar masu sarauta da talakawa su ne suka gina ta suka kuma sauya ta. Kafin shi malaminsa Abdullahi Smith ya riga ya girgiza karatun da ake yi wa labarin Bayajida. Ka nemi littafin Bala ka karanta wa yaranka ko shafi biyu ne, za su ji sunayen garuruwan da suke zuwa cin kasuwa.

Saboda haka in ka koma aji, ka ce wa ɗalibarka sunan muƙamin na'ibin sarki. Ka ce mata Lugga ne babba a takarda, amma wanda ya sauya gidan sarauta, ya zaunar da hakimi a gunduma, ya buɗe littafin Baitulmali, ya kuma rubuta tarihin da aka daɗe ana karantar da mu, Palmer ne, tare da Sarki Dikko. Sa'an nan ka ba su aikin gida: kowa ya je ya tambayi kakansa ko akwai sauran rasit na haraji a gidan, ya duba shekarar da ke jikin na ƙarshe.

Na kawuna na duba da kaina, da na girma na koma aka sake buɗe gwangwanin bayan rasuwarsa. Ba su wuce 1979 ba. A shekarar ne Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Kankia da Kusada ke cikinta kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Wanda ya riƙe muƙamin sakataren wannan gwamnati kuwa shi ne Bala Usman ɗin nan na Musawa.